Abin da Ke Bayan Motar Shu'aibu

Masu bibiyar labarina, barkanmu da sake haɗuwa. Ga wanda yau ne farkon shigowarsa, sunana Ummulkhairi, ɗiyar Malam Maman mai sayar da iri da taki a bakin kasuwar Madarunfa. Na yi lakwal, wato boko, har na kai lise, babbar sakandare, daga nan na dawo gida na kama ɗinki. Mai nemana sunansa Shu'aibu, yana da shagon kayan sola a Maraɗi, amma asalinsa mutumin wajen Gabi ne. Baffanninsa sun zo gaisuwa, Baba ya karɓe su hannu biyu, sai dai bai ba su amsa ba. Ya ce sai an gama bincike, ya kuma ɗora binciken a wuyan yayarsa, Gwaggo Ɗelu.

Yau hannuna ya yi nauyi wajen rubutu. Idan kun ga ina kewaye-kewaye, ku yi haƙuri da ni.

Abin ya faro ne ranar da Gwaggo ta tashi zuwa Maraɗi sayayyar sunan jikanta. Da Shu'aibu ya ji, sai ya ce shi zai kai ta ya dawo da ita. Gwaggo ba ta yi musu ba, don dama hanyar da za ta kalle shi da kyau take nema. Ta ce in shirya in raka ta. Na sa doguwar rigata ruwan toka wadda na ɗinka da kaina, na ɗora hijabi ruwan ƙasa, na shafa turare kaɗan, kaɗan ƙwarai, don Gwaggo hancinta ya fi idonta gani. Ita ta shige gaba ta zauna, wai daga riƙon sitiyari ake gane mai haƙuri. Ni kuwa ina baya, idona a kan yatsuna.

Sai da rana ta take muka fito daga kasuwa. Kaya niƙi-niƙi: shinkafa, taliya, bidon, wato jarka, na man gyaɗa, kwandon tumatir, albasa, sabuni, omo, ƙwai, ga ledoji ƙanana ba iyaka. Shu'aibu ya buɗe bayan motar, ni da Gwaggo muka tsaya muna kallo.

Ban taɓa ganin bayan mota irin wannan ba. Ya sa kafinta ya yi masa wani katako mai gurbi-gurbi, daidai faɗin wurin, an shimfiɗe kowane gurbi da guntun tabarma. An yanko robar cikin taya an ɗaɗɗaura daga gefe zuwa gefe. Can sama kuma ga ƙusoshi an lanƙwasa su jere, inda ake rataye hannun leda don bakinta ya tsaya yana kallon sama. Gurbi ɗaya ne kawai, na can hannun dama, aka rufe da farin ƙyalle tas.

"Gwaggo, miƙo mini bidon nan, shi ke fara shiga," in ji shi.

Ya kai shi kusurwa, ya zagaye shi da roba, ya girgiza ya ga bai motsa ba. Shinkafa ta shiga can ciki, jikin kujera, saboda nauyi. Sabuni da omo ya ware musu wuri nesa da abinci. Ƙwan kuwa, wata ƙwarya ya jawo mai dusa a ciki ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Tumatir ya hau sama. Ledojin ya rataye su kowace a ƙusarta, ba wadda ta jingina da wata.

"Kai kuwa sai ka ce mai jeren ɗakin amarya," in ji Gwaggo.

Ya yi murmushi. "Hanyarmu ba ta da tausayi, Gwaggo. Rami guda ya isa ya haɗa mai da omo."

Ni a raina na ce, namijin da ya san inda ake ajiye ƙwai ba zai wulaƙanta mace ba. Kada ku yi mini dariya, haka zuciya take idan ta riga ta karkata.

Wata leda ta rage a hannun Gwaggo, ta daddawa da barkono. Ta duba ba ta ga ƙusa ba, sai ta kai hannu za ta ɗaga farin ƙyallen nan ta cusa.

"A'a, Gwaggo. Ban da nan."

Bai ɗaga murya ba, amma muryar ba wadda na sani ba ce. Ya karɓi ledar da sauri ya sama mata wuri a wani gefen. Gwaggo ta kalle shi, ta kalle ni, ta gyara mayafinta. Duk wanda ya san Gwaggo Ɗelu ya san shirunta ya fi maganarta haɗari.

Kafin mu bar gari ya tsaya a wani masallaci don azahar. Gwaggo ta ce ya buɗe mata baya, wai goronta na cikin kaya. Ya buɗe, ya tafi alwala. Yana ba da baya ta yafito ni, ta ɗage ƙyallen.

Atamfa turmi guda, mai ruwan ganye. Ƙullin lalle. Sabuni mai ƙamshi, man shafawa, silifas na mata. Madara, sukari, ganyen shayi. Kwalbar man gyaɗa an naɗe ta da tsumma an tsayar da ita tsaf. Sai wata ƙaramar ledar magani ta farmasi. Komai a tsaye, komai a jere, kamar an auna da zare.

"Kin gani?" Gwaggo ta ce a hankali. "Wanga silifas ƙafar wa? Mutumin da aka ce mana uwarsa ba ta nan, ba shi da ƙanwa, ba shi da mata."

Ta mayar da ƙyallen yadda yake, ta ɗauki goronta.

Da muka iso gida, kafin in cire hijabi maganar ta isa kunnen Mama. Suka sa ni a tsakiya a kan tabarmar tsakar gida, ga kayan suna a zube ba wanda ya kalle su.

"Idan mata gare shi, ba laifi ba ne, addini ya ba shi," in ji Mama. "Ɓoyewar ce laifi. Wanda ya ɓoye miki mutum guda tun a waje, mi zai ɓoye miki a cikin gida?"

"Ni dama ban ga abin da aka gani a jikinsa ba," in ji Gwaggo. "Ga Habibu can Ɗan Issa, ɗan gida, mun san uwarsa mun san ubansa, har kakarsa mun san inda aka binne ta. Kullum sai ya aiko da gaisuwa."

"Gwaggo, ku bari in tambaye shi."

"Ki tambaye shi ya ce miki mi? Namiji ya rasa abin faɗa?"

Mama ta ce ba za a kai wa Baba maganar ba tukuna, sai an tabbatar. Wannan kaɗai ne sauƙin da na samu.

Da safe, bayan na gama shara na ɗora koko, na shige ɗaki na ɗauki wayata. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura masa:

"Ina kwana. Jiya mun ga abin da ke ƙarƙashin farin ƙyalle. Kayan wa ne?"

Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Kokona ya yi gudaji a kan wuta ban sani ba.

"Lafiya lau. Na san kun gani, ƙyallen ba haka nake ninke bakinsa ba."

"Ba ka amsa mini ba."

"Ba maganar waya ba ce, Ummu. Ki roƙi Gwaggo ta raka ki, in kai ku ku gani da idonku. Bayan nan duk abin da kuka yanke, na karɓa."

"Mace ce?"

"Mace ce."

Na ajiye wayar a kan gado, na zauna ina kallon keken ɗinkina. Ban yi kuka ba.

Da na roƙi Gwaggo, ta yarda tun kafin in rufe baki. Ta ce ai dama aikinta ke nan.

Da hantsi Shu'aibu ya zo ya ɗauke mu, muka kama hanyar Gabi. Kaka ce, an girbe gero, amalanke sai wucewa suke da dammuna. Damina ta cinye hanyar, ramuka ko'ina. Shu'aibu yana tuƙi a hankali, yana kauce wa wanda zai iya, wanda ba zai iya ba ya shiga da dabara. Duk girgizar nan ban ji ko ƙarar kwalba daga baya ba.

Mun wuce Gabi kaɗan, ya saki babbar hanya, ya tsaya a gindin wani gawo. Can gaba ana hango wasu gidaje na dangar kara. Ya kashe motar, ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari.

"Gwaggo, kafin mu shiga zan faɗa muku. Mahaifiyata ce."

"Wadda aka ce ba ta nan?"

"Ita."

Ya ba mu labarin, idonsa na kallon gaba. Innarsa man gyaɗa take yi tana kaiwa kasuwanni. Yana lakwal a lokacin, ƙaramin yaro. Wata ranar kasuwa suna dawowa daga Ɗan Issa motarsu ta kife, tana rungume da ƙanwarsa Jamila. Ita ta tashi da ɗan rauni a goshi. Kayan mutane sun watse, mai ya malale ko'ina, ta yi ta tonon buhuna da kwanduna tana kiran yarinyar, har ta same ta a ƙarƙashin kaya. Tun daga ranar hankalinta bai koma daidai ba. Da mahaifinsa ya rasu, baffanninsa suka ɗauke shi, ita kuma aka kawo ta nan wurin ƙanwarta Khadija. Idan an tambaya sai su ce ba ta nan, kowa ya fahimci abin da ya ga dama.

"Tana shan magani daga wurin likita a Maraɗi, kuma an samu sauƙi sosai," ya ce. "Sai ta yi kwanaki lafiya lau. Abu guda ne ba ta iya gani, kaya a kife ko abu ya zube. Lokacin da na fara sayen motar nan na kawo mata cefane, na buɗe baya a gabanta, ashe mai ya faɗi a hanya ya jiƙa komai. Ta daɗe ba ta dawo ba a wannan karon. Shi ya sa na je wurin kafinta."

"Ranar da baffanninka suka faɗa wa ƙanena Maman cewa ba ta nan, ka sani?" in ji Gwaggo.

"Na sani. Sun ce idan aka ji, ba gidan da zai ba ni mata. Na yi shiru. Ban kyauta ba."

Gwaggo ba ta ce ya kyauta ko bai kyauta ba. Ta ce, "Tada mota."

Gidan ƙarami ne, ɗaki biyu na ƙasa da rumbu, an ɗora faifan sola a kan rufin ɗaya. Tsakar gidan a share fes, ko tsinke babu. Khadija ta tarbe mu, wata siririyar mace mai sanyin murya, ta shimfiɗa mana tabarma. A ƙofar ɗaki wata dattijuwa na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana ɓarar gyaɗa, ɓawo a ƙwarya guda, ƙwaya a ɗaya. Fara ce, doguwa, ga tabo a goshinta. Idon Shu'aibu ne sak a fuskarta.

Gwaggo ta tsaya cak. "Sa'a? Sa'adatu mai man gyaɗa?"

Dattijuwar ta ɗago, ta dube ta da kyau. "Ɗelu mai ƙuli-ƙuli. Har yanzu kina cika gishiri?"

Gwaggo ta durƙusa a gabanta ta riƙe hannuwanta biyu. Ashe tare suke bin kasuwanni a dā.

Shu'aibu ya fara shigo da kaya. Kowace leda hannu biyu yake ɗauko ta, ya tsayar da ita a jikin bango, Inna tana bin ta da ido har sai ya sake ta. Na ga zama bai kamace ni ba, na tashi in taya shi. Ya ce in bari, na ce ba komai. Na ɗauko wata leda ta lemu da ya saya a hanya. Ga idon Inna a kaina. Na ajiye ta da sauri ban jingina ta da kyau ba.

Ledar ta kwanta. Lemu ya gangara ko'ina a tsakar gida.

Inna ta miƙe, ƙwaryar gyaɗa ta faɗi daga cinyarta. Ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ihu ta yi ba, da ma ihun ne. Da wata ƙaramar murya take cewa, "Ta kife. Ku ɗaga kayan, tana ƙasa. Jamila. Ku ɗaga mini kayan."

Shu'aibu ya isa gare ta, ya riƙe kafaɗunta. "Inna, gida muke. Lemu ne. Dubi rumbunki, dubi Khadija. Gida muke." Yadda yake maganar na gane ya faɗe ta sau ba adadi.

Ni kuwa na zube a ƙasa ina tsintar lemun ina zubawa a hijabina, hawaye ya hana ni ganin na gabana. Sai na ji an kama wuyan hannuna. Inna ce ta durƙusa kusa da ni. Ta shafa goshina, ta shafa bayan kaina, ta juya fuskata hagu da dama tana dubawa.

"Ba ki ji ciwo ba?"

"Ban ji ba, Inna."

"Ba inda ke miki zafi?"

"Babu, Inna. Lafiyata lau."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ba ta saki hannuna ba. Haka muka koma tabarma tare, Khadija ta kawo mata ruwa, Gwaggo ta tattara gyaɗar da ta zube.

Can Inna ta juyo ta kalle ni, kallon mai cikakken hankali.

"Ke ba Jamila ba ce. Na sani. Jamila ta rasu, Allah ya jiƙanta." Ta ƙara duban fuskata. "Ɗiyar wa ce ke?"

"Ɗiyar ƙanena ce, Maman," in ji Gwaggo. "Sunanta Ummulkhairi."

Inna ta kalli Shu'aibu, ya sunkuyar da kai. Ta gane. Ta yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba.

"Yana wahala da ni, ɗiyata. Ba ya faɗa, amma ina gani. Kin ga yadda nake, ba wanda ya ba ki labari. Kada kunya ta sa ki ɗauki kayan da ya fi wuyanki."

Da za mu tafi ta ɗebo gyaɗar da ta ɓare ta ƙulla mini a leda, ta ƙulle bakin sau biyu, ta ce in riƙe ta a tsaye.

La'asar ta yi sanyi muka shigo Madarunfa. Shu'aibu ya sauke mu a bakin lungunmu, ya fito ya durƙusa ya yi wa Gwaggo godiya. Ni bai iya kallona ba.

Muna tafiya a lungu Gwaggo ta rage sauri.

"Ba gado ba ne, wanga na sani," ta ce. "Na san Sa'a tun tana da ƙarfinta, mace ce mai kai. Amma mutane ba za su tambaya ba, ce za su yi kin auri ɗan mahaukaciya, har 'ya'yanki a nuna su da baki. Kuma Khadija ba yarinya ba ce. Ranar da ta gaza, ɗakinki za a kawo Sa'a."

"Na sani, Gwaggo."

"Ba ki sani ba. Yini guda kika gani." Ta goge idonta da bakin mayafi. "Ga babanki kuma. A zaurensa aka zauna aka faɗa masa abin da ba haka ba."

Wayata ta motsa a jaka. Na ciro na duba. Shu'aibu ne: "Duk abin da kika zaɓa, ban riƙe ki ba. Na gode da kika amsa mata."

Ban ba shi amsa ba, don mun riga mun iso ƙofar gida. Baba na zaune a kan buzunsa a bakin zaure, ya dawo daga masallaci, tasbaha a hannunsa. Muka gaishe shi. Ya dubi ƙurar da ke ƙafafunmu, ya dubi idona.

"Yaya, an ce kun tafi Gabi. Mi kuka gano?"

Na jira Gwaggo ta fara, kamar yadda ta saba.

"Ni yau ba ni da ta cewa, Maman. Tambayi ɗiyarka. Ita aka riƙe wa hannu."

Ta shige cikin gida ta bar ni. Tunda nake, Baba bai taɓa tambayata komai a kan maganar aurena ba, sai dai in ji abin da aka yanke ta bakin Mama. Yau ga shi ya juyo gaba ɗaya yana jirana.

Na durƙusa a gefen buzun. Na ji muryata ta fito, ba ta rawa kamar yadda na zata.

"Baba, mahaifiyar Shu'aibu tana da rai. Yau na gan ta. Kuma ina roƙonka ka saurare ni har ƙarshe kafin ka ce wani abu."

Tasbahar ta tsaya a hannunsa. Ya ajiye ta a kan buzu, ya gyara zama.

"Ina jin ki," ya ce.